Daga Guangzhou Zuwa Kabo: Doguwar Tafiyar Injin Ƙanƙara

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, ƙanƙara kan zama abin nema ruwa a jallo a garuruwan yammacin Kano. A Kabo da Garo, a Gwarzo da Getso, mai shagon lemo da fiya wata, da matar da ke aiko da zoɓo da kunun aya daga cikin gida, da mai fura da nono a bakin tasha, da mai kifin da ya saro daga bakin dam, duk cinikinsu na ranar ya rataya ne a wuyanta. Firijin gida ba ya daskarar da ruwa sai wuta ta zauna, ita kuwa wuta ba ta cika zama ba a daidai lokacin da zafi ya kai maƙura. Shi ya sa ake sayo ƙanƙarar daga inda aka same ta, galibi daga birni, a naɗe ta a buhu, a binne a ƙaiƙayi ko dusar katako, a ɗora a bayan babur ko a but ɗin mota, a kamo titin Gwarzo. Kafin a wuce Janguza da Rimin Gado buhu ya fara ɗiga. Abin da ya narke a hanya kuwa ba dillali ke ɗaukar asararsa ba, mai saye ne ke biya.

Ba abin mamaki ba ne idan mai ɗan jari a wannan yanki ya fara tunanin kafa injin ƙanƙara a garinsu. Wayar da ke aljihunsa ma tana zuga shi. A Facebook da WhatsApp da Alibaba ga hotunan injuna masu ƙyalli daga Chaina, wannan yana fitar da tan ɗaya a kwana, wancan tan biyar, ga farashi da dala, ga alkawarin za a kai maka har Legas. Abin da ya fi tsorata irin wannan mutum shi ne teku: kada jirgi ya nutse, kada kwantena ta ɓata, kada kaya su jiƙe. Amma duk wanda ya bi tafiyar injin daki-daki, daga masana'anta zuwa rumfar da za a girke shi, zai ga cewa teku ce zangon da ya fi tsari a cikin tafiyar baki ɗaya. Inda jari ke salwanta a doron ƙasa yake, kuma mafi yawansa a gida.

Abin da ake saya

Injin ƙanƙarar kasuwa iri-iri ne. Akwai mai fitar da ƙananan ƙwayoyi na otal-otal, akwai mai fitar da ɓawo-ɓawo wanda masu kifi na bakin teku suka fi so, akwai kuma mai fitar da dunƙule, wanda shi ne ya dace da ƙasarmu, domin dunƙule ne ke jure tafiya da zafin rana. Tsohon salon injin dunƙule tanki ne na ruwan gishiri. Ana sanyaya ruwan gishirin ya gangara ƙasa da ma'aunin da ruwan sha ke daskarewa, sannan a jera gwangwanayen ƙarfe cike da ruwa mai tsabta a cikinsa. Gishirin ne ke hana ruwan tankin daskarewa, shi kuma ya riƙa zuƙe zafin abin da ke cikin gwangwani har ya zama dutse. Sabon salo ba ya buƙatar gishiri, iskar sanyaya tana bi ta cikin farantan alminiyon kai tsaye. Ya fi tsabta, ba ya cin ƙarfe da tsatsa, amma ya fi tsada, kuma idan faranti ya huje ba kowane mai gyara ne zai iya taɓa shi ba.

Ko wane salo ne, zuciyar injin ita ce kwamfireso. Sunaye irin su Bitzer na Jamus da Copeland su ne ake tinƙaho da su, kuma sau da yawa bambancin farashi tsakanin injuna biyu masu kama da juna a hoto yana cikin wannan abu guda ne. A nan ne ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tambayoyin da dillali ba zai ɗauko da kansa ba. Tan ɗaya a kwana da aka rubuta, a wane yanayi aka auna shi? Masana'antu kan auna ne a iska mai sauƙin zafi da ruwa mai ɗan sanyi. A Kabo a watan Afrilu iska na haura digiri 40, ruwan da ya wuni a tankin roba a rana kuwa ɗumi gare shi. Injin da aka yi wa laƙabin tan ɗaya ba zai ba da tan ɗaya a nan ba, sai an faɗa wa masana'anta tun farko ta ƙara girman kwandensa, wato ɓangaren da ke fitar da zafi waje. Sai batun wuta. Chaina da Najeriya duk suna kan zagaye 50 a daƙiƙa, don haka injin Chaina ya dace da layinmu, amma wanda aka ƙera don Amurka yana kan 60 ne. Manyan injuna kuma wuta mai layi uku suke ci, wadda ba kowace unguwa ke da ita ba.

Akwai tarko guda da ke kama masu neman araha. Tsohuwar iskar sanyaya da ake kira R22 tana cikin waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa a daina amfani da su saboda illar da suke yi wa sararin samaniya, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa irin Najeriya shi ne 2030. Wanda ya sayi inji mai R22 yau don ya fi sauƙin kuɗi, ya sayi abin da iskarsa za ta riƙa wuya da tsada kowace shekara. Haka kuma tsofaffin kwamfiresoshi da tsofaffin firji da injin daskarewa suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su. Mai tunanin ɗauko na hannu daga Turai ya san da wannan kafin kuɗinsa ya bar aljihu.

A kan ruwa

Ɗaukar sanyi a jirgin ruwa tsohuwar sana'a ce. A 1806 wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya fara yanko ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare a ƙasarsu yana kaiwa tsibirin Martinique, a 1833 kuma ya aika da tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya, aka yi wata huɗu a teku, kusan tan 100 ya isa bai narke ba. Da garin katako yake lulluɓe ta, kamar dai yadda ɗan babur ke yi a titin Gwarzo. Injin ƙanƙara ne ya kashe wannan fatauci, domin tun da aka iya yin ta a inda ake buƙatarta, sai ya zama injin ake ɗauka sau ɗaya maimakon a riƙa jigilar abin da ke narkewa. Sai kuma kwantena ta zo. A watan Afrilun 1956 jirgin Ideal X na Malcom McLean ya tashi daga Newark zuwa Houston da akwatunan ƙarfe 58, kuma daga wannan gwaji ne aka samu tsarin da ya sa yau ake iya rufe inji a Foshan ta Chaina, ba a sake buɗe shi ba sai a gaban jami'in kwastam a Najeriya.

Da yawa daga cikin injunan da ake tallatawa daga lardin Guangdong suke fitowa, ana lodinsu a tashar Nansha ko tashoshin Shenzhen. 'Yan kasuwar Kano sun daɗe da sanin wannan yanki, ga kuma baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou tun 1957, sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba. Ƙaramin inji ba ya cika kwantena, don haka akan haɗa shi da kayan wasu, a biya gwargwadon wurin da ya ci. Wannan ya fi sauƙi a aljihu, sai dai hannaye da yawa ne ke taɓa akwatin, kuma idan takardun ɗaya daga cikin masu kayan suka samu matsala kowa sai ya jira. Babban inji kan ɗauki kwantena mai ƙafa 20 ko 40 shi kaɗai.

Jirgi daga kudancin Chaina kan ratsa ta Singafo, ya ƙetare tekun Indiya, ya zagayo ta ƙarshen Afirka ta Kudu, ya hauro gaɓar yamma zuwa Legas, wani lokaci sai an sauke kwantena a wata tasha kamar Lome an sake mata jirgi. Tafiyar kan ci mako biyar zuwa bakwai. Wannan hanya ba ta bi ta Bahar Maliya ba, amma da mayaƙan Huthi na Yemen suka fara kai wa jirage hari a ƙarshen 2023, jiragen da ke zuwa Turai suka koma zagaye, jirage da kwantenoni suka yi ƙaranci a duniya, kuɗin dako ya tashi har ga mai jiran kaya a Apapa.

Haɗarin da inji ke fuskanta a teku ba nutsewa ba ne. Danshi ne da girgiza. Rana ta gasa kwantena, dare ya sanyaya ta, raɓa ta taru a rufinta ta riƙa ɗiga kan kaya, iska mai gishiri kuma ta kama duk ƙarfen da ba a rufe ba. Maganinsa akwatin katako mai ƙwari, da leda mai kauri, da jakunkunan shanye danshi, da ɗauri mai kyau don kada bututun jan ƙarfe ya tsage. Ba a kwantar da kwamfireso, ba a kifa shi, domin mansa zai gangara inda bai kamata ba. Sai inshora, wadda dokar Najeriya ta ce a wurin kamfanin cikin gida za a yi ta ga kayan da ake shigowa da su. Mutane da yawa suna ɗaukarta takardar cika sharaɗi kawai, su sayi mafi araha, wadda ba ta biyan lalacewar da aka yi wajen lodi da saukewa, alhali nan ne aka fi ji wa inji ciwo.

Legas, da dala

Kafin inji ya hau jirgi ya kamata a buɗe takardar Form M ta hannun banki, a kuma nemi shaidar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya. Da su ne kwastam za ta fitar da takardar PAAR, wadda ke nuna harajin da za a biya. Wanda ya bari sai kaya sun iso sannan ya fara bin waɗannan takardu, zai koyi ma'anar damarej. Kwanakin kyauta da kamfanin jirgi da masu tasha ke bayarwa kaɗan ne, da zarar sun ƙare kuɗi ya fara hawa kullum, kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewa. Ga harajin shigo da kaya, ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, ga ladan ejan mai kiliya, ga kuɗin ajiya da ake bari a hannun kamfanin jirgi har sai an mayar masa da kwantenarsa. Ɗan Arewa ya fi kowa cutuwa da wannan na ƙarshe, don kwantenar da ta zo Kano sai ta sake yin tafiyar fiye da kilomita 1,000 ta koma Legas, agogon kuwa bai tsaya ba.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da canji ya yi. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ɗauki misalin inji na dala 10,000: a da naira miliyan 4.6 ne, bayan wata takwas ya koma miliyan 15, tun ba a yi maganar dako da haraji ba, waɗanda su ma da dala ake lissafa su. Masana'antun Chaina kan karɓi kafin alƙalami, su ƙera, a cika musu ragowar kafin lodi. Wanda ya biya kason farko a wancan lokaci ya iske ragowar ta fi ƙarfinsa. Ƙanƙara kuwa da naira ake sayar da ita, ga mutanen da kuɗin shigarsu bai ninka ba.

An yi ƙoƙarin kawo tashar kusa. A watan Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, bayan ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ta Funtuwa kuma ta biyo baya a 2024. Manufar ita ce a rubuta Kano a takardar jirgi a matsayin inda kaya za su sauka, kwantena ta baro Legas a rufe, a yi kiliya a gida. Ga mutumin Kabo wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don daga Zawaciki zuwa garinsu ba ta kai tafiyar awa biyu ba, kuma da kansa zai iya tsayawa a kan kayansa. Sai dai tashar tsandauri da jirgin ƙasa take rayuwa, layin dogon da ya haɗa Legas da Kano kuwa shi ne dai siririn layin da ya iso Kano a 1911. Muddin bai koma ɗaukar kaya a kai a kai ba, tirela ce za ta ci gaba da ɗaukar nauyin, ta Jebba da Mokwa ko ta Lakwaja da Abuja, da ramukan hanya da shingayen da ke kanta. Girgizar kwana uku ko huɗu a bayan tirela ta fi ta mako shida a jirgi illa ga bututun inji.

Ranar da aka girke

A ce inji ya iso lafiya, an bar shi ya zauna man kwamfireso ya koma mazauninsa, an samu rijiyar burtsatse mai tsabta, tunda ƙanƙarar nan a cikin kofin mutane za ta ƙare. Yanzu ne ainihin lissafin zai fara.

Daskarar da ruwa aiki ne mai cin ƙarfi fiye da yadda ake zato. Zafin da ake cirewa daga kilo ɗaya na ruwan da ya riga ya yi sanyi ƙalau kafin ya zama ƙanƙara daidai yake da zafin da zai ɗaga wannan ruwa daga digiri sifili zuwa 80. Wannan ne ya sa ƙanƙara ke daɗewa tana sanyaya kula, shi ne kuma ya sa yin ta ke shan wuta. A ƙasa mai zafi, tan guda na dunƙule kan ci yunit 60 zuwa 100. Idan da janareto ne, lita ɗaya ta gas kan ba da wajen yunit uku, wato lita 20 zuwa sama da 30 ke nan a kan kowane tan. Kuma wutar sai ta ɗore. Babban dunƙule kan ɗauki rabin kwana ko fiye kafin ya daskare har ciki. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, abin da aka ci ya tafi a banza.

A tsarin da ake bi yanzu, an kasa masu shan wuta rukuni-rukuni, daga rukunin A mai alkawarin awa 20 a kwana zuwa rukunin E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Mai injin ƙanƙara ya shiga tsaka mai wuya ke nan: inda wuta ke zama tana da tsada, inda take da araha ba ta zama. A ƙarshen Oktoban wannan shekarar kuma, bayan lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar wanda ya biyo ta Makurɗi, Kano da mafi yawan Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu. Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A bazarar 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48 a Kayes ta ƙasar Mali ga kuma rashin wuta, rahotanni daga Bamako sun nuna ƙanƙara ta fi burodi tsada.

Akwai wani lissafin da ban ji ana yawan yi ba, kuma a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci ga mai shirin zuba jari yanzu. Kasuwar ƙanƙara ta yi tashin gwauron zabi a 'yan shekarun nan ne saboda azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. A 2022 an ɗauki azumi a farkon Afrilu, a 2024 ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris. Kowace shekara yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya. A 2028 zai kama a ƙarshen Janairu, a 2030 a farkonsa, cikin hunturu sosai, lokacin da mai buɗa baki kunu mai zafi yake nema. Zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya sake komowa watannin zafi. Duk wanda ya gina lissafin mayar da jarinsa a kan cinikin azumin 2024, ya gina ne a kan abin da ke wucewa. Bazara dai tana nan, amma wata uku ce, inji kuwa shekara goma ko fiye ake so ya yi.

Saboda haka dole a nemi mai sayen da ba ruwansa da yanayi. Yankin yana da su. Ga dam ɗin Guzuguzu da Magaga, ga babban dam ɗin Challawa a Karaye da aka kammala a 1992, masunta suna fitar da kifi wanda idan bai samu sanyi ba sai dai a banda shi ko a sayar da shi yadda mai saye ya ga dama kafin la'asar. Ga matan Fulani da nono da kindirmo, ga mahauta a ranar kasuwa, ga kantunan magani da ke ajiye allurai masu buƙatar sanyi. Waɗannan ba sa yin layi kamar masu azumi, amma suna nan a damina da kaka da hunturu.

Abin da ya cancanci hawa jirgi

Masu walda da masu gyaran firji na Kano sun daɗe suna haɗa injin ƙanƙara da hannunsu: akwatin ƙarfe, soso mai tsare sanyi, bututun jan ƙarfe, da kwamfireson na'urar sanyaya ɗaki. Ba shi da kyan gani, yana shan wuta fiye da kima, tsohon kwamfireson da aka dasa masa kuma ba ya daɗewa. Amma ranar da ya tsaya, wanda ya haɗa shi yana iya zuwa Kabo da safe ya koma birni da yamma. Injin da ya zo a kwantena kuwa, idan ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi ta ƙone saboda wuta ta zo da ƙarfi, garantin shekara ɗaya da aka rubuta ma'anarsa a aiko da kayan gyara daga Chaina, a jira makonni, bazara tana wucewa.

Ni dai ra'ayina, ga gari irin Kabo, bai kamata a biya dala a ɗauko tanki da ƙarfe da iska a cikin kwantena ba. Abin da ba mu iya yi shi ya cancanci kuɗin jirgi: sabon kwamfireso na gaske, kwandensa da aka auna don zafinmu, bawul-bawul, na'urar kare inji daga hawa da saukar wuta. Waɗannan ba su da girma, mutum goma za su iya haɗa kwantena ɗaya, su raba kuɗin kiliya da na tirela. Jikin injin kuma a ƙera shi a Kano, a hannun mutanen da za su riƙa gyara shi. Idan aka haɗa da sola, tsarin ya fi dacewa da ƙananan dunƙule waɗanda za su daskare tsakanin hantsi da la'asar, domin ƙanƙara ita kanta ajiyar sanyi ce, wanda ya yi ta da rana ya adana ta a ɗaki mai rufi mai kyau ya rage wa kansa kuɗin batura, waɗanda su ne suka fi saurin mutuwa a kayan sola.

Wanda kuma ya ga lalle cikakken inji yake so, ya duba kalanda biyu, ta Chaina da tamu. Masana'antun Chaina suna rufewa na makonni don bikin sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, kafin nan kuma jirage kan cika, kuɗin dako ya hau. Idan aka haɗa wata guda na ƙira, da mako shida a teku, da kwanakin kiliya da na hanya da na girkewa, mai son fara fitar da ƙanƙara a Maris sai ya ba da oda tun Oktoba, daidai lokacin da ake girbi kuɗi ke shigowa hannu. Ya kuma sa a cusa masa injin fanka guda, da bawul, da makunnin wuta na canji a cikin akwatin, tunda kuɗin wurin ya riga ya biya.